Tuta Ba Ta Biyan Bashi

A ƙarshen shekarar 1957 gwamnatin Amurka ta kori wani ma'aikacinta mai suna Frank Kameny. Masanin taurari ne mai digirin digirgir daga Jami'ar Harvard, kuma tsohon soja da ya yi wa ƙasarsa yaƙi a Turai lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A sashen zana taswira na rundunar soja yake aiki. Bai ci kuɗin kowa ba, bai yi fashin aiki ba, ba a kama shi yana tsegunta wa abokan gaba sirrin ƙasa ba. Masu bincike ne suka zaunar da shi suka ce labari ya iso musu cewa yana neman maza 'yan'uwansa, me zai ce? Ya ce wannan ba hurumin gwamnati ba ne. Aka sallame shi, daga baya aka toshe masa ƙofar duk wani aikin gwamnatin tarayya. Wannan ya faru ne 'yan makonni bayan Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron ɗan'adam na farko, daidai lokacin da Amurka take neman masana taurari ruwa a jallo.

Kameny ya ɗaukaka ƙara har Kotun Ƙoli, a 1961 kotun ta ƙi sauraronsa. Bai sake cin abinci da ilimin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana nema ba, ya tsufa cikin ƙuncin rayuwa. Sai a 2009, bayan shekara 52, shugaban ofishin kula da ma'aikatan tarayya ya miƙa masa takardar ban haƙuri a madadin gwamnati. Shekararsa 84 a lokacin. Ya karɓa, bayan shekara biyu ya mutu. Albashin rabin ƙarni kuwa, babu wanda ya dawo masa da shi.

Na san akwai mai karatun da tun daga layi na biyar ya ja tsaki, ya ce me ya haɗa mu da wannan zance. Ɗan dakata kafin ka rufe shafin. Ban zo in yi fatawa ba. Abin da addini ya ce a kan wannan al'amari sananne ne, malamai sun fi ni bayaninsa, kuma dokokin ƙasashenmu ba irin na Amurka ba ne. Tambayata ƙarama ce amma tana da ƙashi: idan mai ɗaukar aiki ya raba mutum da abincinsa alhali bai gaza a aikin ba, daga baya ya ce ya yi nadama, da me zai biya?

Yau shekaru ke nan kamfanonin Amurka da na Turai suna taro a kan taro game da yadda za su dawo da yardar ma'aikatansu da ake kira LGBTQ a dunƙule, wato masu neman jinsi ɗaya, maza da mata, da masu sauya jinsi da makamantansu. Abin da na gani shi ne yawancinsu tuta suka ɗauko za su biya bashin abinci da ita, tuta kuwa ba ta biyan bashi. Kafin mu rabu kuma zan nuna maka cewa rumfar da take yi wa waɗannan mutane inuwa a wurin aiki, ita ce dai wadda 'yar'uwarka mai hijabi take fakewa a ƙarƙashinta.

Abin da aka karya

Kameny ba shi kaɗai ba ne. A watan Afrilun 1953 Shugaba Eisenhower ya sa hannu a kan umarni mai lamba 10450, wanda ya buɗe ƙofar korar ma'aikatan tarayya saboda wannan dalili. Hujjar da aka kafa ita ce wai irin waɗannan mutane suna da abin ɓoyewa, don haka 'yan leƙen asirin Rasha za su iya yi musu barazanar tonon silili su tatsi bayanai. Dubi wannan dabara da kyau. Gwamnati ce ta ce duk wanda aka gano za a kore shi, dole ta sa suka ɓoye, sai ta juyo ta ce ɓoyewar ce ta mai da su haɗari. An ɗaure mutum tamau, sannan ana tuhumarsa da rashin gudu. Dubban mutane suka rasa aiki, kuma sai a 1975 hukumar ma'aikata ta janye haramcin.

Kanada ma ta fi yin nisa. 'Yan sandan tarayyarta sun tara sunayen mutum kimanin 9,000. A shekarun 1960 gwamnati ta ɗauki nauyin wani malamin jami'a don ya ƙera na'urar gano su: a zaunar da mutum a kujera irin ta likitan haƙori, a riƙa nuna masa hotuna, kyamara tana auna buɗewar ƙwayar idonsa. Na'urar ba ta taɓa yin aikin da ake so ba, aka watsar da ita, amma korar ta ci gaba. A 1989 rundunar soja ta sallami wata matashiyar hafsa mai suna Michelle Douglas, wadda take cikin zaƙaƙuran ajinsu, bayan an tsare ta a ɗakin otel ana yi mata tambayoyi. Ƙarar da ta shigar ce ta kawo ƙarshen haramcin a 1992.

Kada a ce gwamnatoci ne kawai. A 1991 kamfanin gidajen cin abinci na Cracker Barrel a Amurka ya fitar da takarda cewa ba zai ci gaba da riƙe irin waɗannan ma'aikata ba. Cikin waɗanda aka kora akwai wata mai dafa abinci a jihar Jojiya, Cheryl Summerville. Ba a wahalar da kai wajen ƙirƙiro mata laifi ba, a takardar sallamar aka rubuta dalilin ƙarara. Girkinta bai canza ɗanɗano ba tsakanin jiya da yau, kuma babu wata doka a jihar da ta hana a yi mata haka.

Ɓarnar ba ta tsaya a kan waɗanda aka kora ba. Mutumin da ya san kalma ɗaya a wajen shan shayi za ta iya cinye masa aiki ba ya kai ƙarar shugaban da ke cin zalinsa. Idan ya ga almundahana ya kau da kai, domin wanda zai tona wa asiri yana riƙe da tasa igiyar. Ba ya neman ƙarin girma, gudun kada a sa masa ido. Kowane ofis da ya rayu a haka ya koyi darasi ɗaya: ƙwarewa ba ta ceton mutum, tsegumi kuwa yana kashe shi. Wannan ita ce amanar da aka karya, kuma wanda ya san haka zai gane cewa ba a ɗinke ta da fenti.

Zamanin tuta

Da iska ta juya, kamfanoni suka juya tare da ita. Wasu sun yi abin a zo a gani tun da wuri: IBM ya rubuta hana wannan wariya a ƙa'idojinsa a 1984, Levi Strauss ya faɗaɗa inshorar lafiya zuwa abokan zaman ma'aikatansa a 1992. A 2002 ƙungiyar Human Rights Campaign ta fara ba kamfanoni maki a kan yadda suke riƙe waɗannan ma'aikata, kuma a shekarar farko 13 ne kawai suka ci maki ɗari. Daga baya suka zama ɗaruruwa, domin makin ya koma abin ado. Duk watan Yuni, watan bukukuwan waɗannan al'ummomi, sai ka ga tambarin banki da na kamfanin mota da na mai sayar da lemo sun rikiɗe launin bakan gizo. Ranar ɗaya ga Yuli a wanke. Masu lura sun daɗe da gano cewa kamfanin da ya rina tambarinsa a shafinsa na Amurka da Jamus, a shafinsa na Gabas ta Tsakiya yakan bar shi yadda yake. Wato aƙidar tana da taswira, kuma taswirar ta kasuwa ce.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A watan Afrilun 2023 kamfanin giyar Bud Light ya aika wa Dylan Mulvaney, wata mai sauya jinsi da ta yi suna a TikTok, gwangwani mai ɗauke da hotonta don ta yi masa talla. Masu adawa suka ƙaurace wa giyar, ciniki ya faɗi, har ta rasa matsayinta na wadda aka fi saya a Amurka. Me kamfanin ya yi? Ya tura manyan jami'an tallarsa biyu hutu, ya fitar da sanarwa mai harshen damo wadda ba ta gamsar da kowa ba. Mulvaney, wadda zagi da barazana suka yi wa rubdugu, ta fito daga baya ta ce kamfanin bai ko tuntuɓe ta ba. An ɗauko mutum an tsayar a tsakiyar kasuwa, da jifa ta fara sai mai gayyar ya sulale.

A watan Mayun shekarar, kantunan Target suka janye wasu kayan bikin Yuni, suka ce ana yi wa ma'aikatansu barazana. A 2024 kuwa abin ya zama rige-rige. Wani ɗan gwagwarmaya mai suna Robby Starbuck ya riƙa bin kamfanoni ɗaya bayan ɗaya a shafukan sada zumunta, sai ga Tractor Supply, Harley-Davidson, Ford, Lowe's da Walmart kowanne ya sanar da cewa ya daina shiga wancan ma'aunin maki. A Janairun 2025 Target ma ya bi sahu, masu shirya bikin a birninsa na Minneapolis suka ce ya riƙe kuɗinsa, ba sa so.

To, ka sa kanka a matsayin ma'aikacin da shekara goma ana ce masa nan gidanka ne, saki jikinka. Ya saki jiki, ya faɗi ko shi wane ne. Yanzu an naɗe tabarmar, shi kuwa maganar da ya furta ba ta komawa ciki. Wanda bai taɓa yin alkawari ba ya fi wannan kamfani mutunci, domin aƙalla bai yaudari kowa ya fito fili ba. Zanen aro ba ya rufe katara. Kuma duk kamfanin da zai dawo gobe da sabon taken talla yana neman a sake yarda da shi, ya sani cewa mutanen nan sun ga abin da ya yi ranar da aka matsa shi.

Tutar tana da wata illa da masu ɗaga ta ba sa son a faɗa. Idan ta zama dole, takan haifar da sabon wanda za a zalunta. A watan Mayun 2022 Idrissa Gueye, ɗan Senegal mai buga wa PSG, bai buga wasan da aka sa 'yan wasa sanya riga mai lambar bakan gizo ba, aka yi masa ca a Faransa. A 2024 Mohamed Camara, ɗan Mali mai buga wa Monaco, ya liƙe alamar da ke rigarsa, aka dakatar da shi wasa huɗu. Matsalar da ake cewa ana yaƙa gaskiya ce, ba ƙirƙira ba. Justin Fashanu, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, shi ne ƙwararren ɗan ƙwallo na farko a Ingila da ya bayyana kansa, a 1990. Ya sha tsangwama iri-iri, a 1998 ya kashe kansa. Amma tilasta wa Bamale ya rataya alamar da zuciyarsa ba ta yarda da ita ba bai rage zagi ko ɗaya daga bakin 'yan kallo ba. Abin da ake bin Camara shi ne kada ya ci zarafin abokin wasansa, kada ya hana shi ƙwallo, kada ya sa a kore shi. Abin da ke cikin ƙirjinsa nasa ne. Wurin aikin da ya ce ya rungumi kowa, amma sai kowa ya yi rantsuwa da tuta ɗaya, ya sake gina ɗakin tambayoyin da aka zaunar da Kameny ne, tambayar kawai aka sauya.

Yadda ake biyan bashi

Mu nan ba baƙi ba ne ga wannan ilimi. Tun muna yara aka koya mana cewa tuba tana da sharuɗɗa: ka daina, ka yi nadama, ka ƙudurta ba za ka koma ba, idan kuma haƙƙin wani ne ka mayar masa. Ba a ce sai wanda ka zalunta ya kasance mutumin da kake so ba, ba a ce sai kun yi tarayya a aƙida ba. Haƙƙi haƙƙi ne. Da wannan mudu za mu auna waɗanda suka gwada.

Ranar 28 ga Nuwamban 2017 Firaminista Justin Trudeau ya tsaya a zauren majalisar Kanada, waɗanda aka kora suna zaune suna kallonsa, ya ambaci abin da aka yi musu da sunansa, ya nemi afuwa. Da a nan aka tsaya da an yi ba a yi ba. A 2018 kotu ta amince da sulhu na kuɗin da ya kai dalar Kanada miliyan 145. Aka biya mutane diyya ɗaya bayan ɗaya, aka ba su damar a sa bayani a fayilolinsu cewa korar zalunci ce, aka ware wani kaso don adana tarihin abin. Kuma a lura, ba alheri gwamnati ta tashi da shi da safe ba, waɗanda aka kora ne suka haɗu suka maka ta a kotu.

A Birtaniya haramcin shiga soja ya kai har Janairun 2000, kuma sai da kotun kare haƙƙin ɗan'adam ta Turai ta yanke hukunci a 1999 kafin a ɗage shi. Wani sojan ruwa mai suna Joe Ousalice, wanda ya yi yaƙin Falklands, ya ba da labarin yadda aka sa almakashi aka yanke lambar girmansa daga ƙirjinsa lokacin da aka kore shi a 1993. Sai a 2020 aka mayar masa. A Yulin 2023, bayan rahoton binciken Lord Etherton, Firaminista Rishi Sunak ya nemi afuwa a majalisa. A Disamban 2024 aka sanar da diyyar da za ta iya kai fam 70,000 ga mutum guda. Da yawa sun ce kuɗin ya yi kaɗan, kuma suna da gaskiya: nawa ne kuɗin fanshon da aka rasa, da gidan da ba a gina ba, da shekara talatin na kunya? Wasu ma sun mutu ba su ji ko kalmar ban haƙurin ba. Duk da haka akwai bambanci tsakanin wanda ya biya rabin bashi da wanda ya aiko da katin gaisuwa.

Sharaɗi mafi wuya shi ne na ƙarshe, ƙudurin rashin komawa. Ga hukuma ko kamfani, wannan yana nufin ya ɗaure kansa da igiyar da ba zai iya kwancewa cikin dare ɗaya ba. A 2014 Shugaba Obama ya sa hannu a kan umarnin da ya hana 'yan kwangilar gwamnati irin wannan wariya. A Janairun 2025 Shugaba Trump ya soke tsohon umarnin 1965 da aka jingina shi a kai. Abin da alƙalami ɗaya ya bayar, alƙalami ɗaya ya karɓe. Abin da ya tsaya da ƙafarsa shi ne doka.

Rumfa ɗaya

Gerald Bostock ya yi shekara goma yana jagorantar masu sa kai da ke tsaya wa yaran da aka wulaƙanta a kotun yara ta ƙaramar hukumar Clayton a Jojiya, kuma a hannunsa shirin ya ci lambobin yabo na ƙasa. A 2013 ya shiga wata ƙungiyar wasan ƙwallo ta masu neman jinsi ɗaya, ba da jimawa ba aka kore shi. A shekarar ce kuma wani kamfanin shirya jana'iza a Michigan ya kori Aimee Stephens bayan ta sanar da mai gidanta cewa za ta sauya jinsi. Ranar 15 ga Yunin 2020 Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai 6 a kan 3, ta ce irin wannan kora ta saɓa wa sashe na bakwai na dokar 'yancin jama'a ta 1964. Wanda ya rubuta hukuncin Neil Gorsuch ne, alƙali mai ra'ayin mazan jiya da Trump ya naɗa. Stephens ba ta ji hukuncin ba, ta mutu wata guda kafin nan.

Yanzu ga inda na ce zan kawo ka. A 2008 wata yarinya Musulma 'yar shekara 17, Samantha Elauf, ta nemi aiki a kantin tufafi na Abercrombie a birnin Tulsa. Ta ci intabiyu, aka hana ta aikin saboda ɗankwalin da ke kanta, wai bai dace da irin shigar da kamfanin yake so ba. A Yunin 2015 Kotun Ƙoli, da rinjayen 8 a kan 1, ta ba ta gaskiya. Da wace doka? Da wannan sashe na bakwai ɗin dai. Jumla ɗaya ce ta lissafa launin fata, addini, jinsi da asalin ƙasa, ta ce kada a hana mutum aiki saboda su. Ɗan'uwanka da ke aiki a wani kanti a Bronx, yana neman minti goma ya yi sallar Azahar, yana neman a bar masa gemunsa, da wannan jumla yake tsaye. Masu neman a sassauta ta don a samu damar korar Bostock, me ya sa kake zaton idan sun gama za su ajiye gatarin? In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa, ko da ɗan'uwan ba ka cin abinci a gidansa.

Mu ma mun ɗanɗana irin wannan a gida. A Disamban 2017 aka hana Firdaus Amasa shiga zauren rantsar da lauyoyi a Abuja saboda ta ƙi cire hijabinta. Ta ci jarrabawa kamar kowa, sai da aka yi wata bakwai ana kai ruwa rana kafin a rantsar da ita. Me muka ce a lokacin? Mun ce a duba takardunta, a bar mata abin da ke tsakaninta da Ubangijinta. Hujjar tana da kyau, amma hujja ba riga ba ce da za ka sa ranar da ta yi maka daidai ka tuɓe ranar da ta yi wa wani.

Za a ce da ni ai hijabi ibada ce, wancan kuwa saɓo ne, ta yaya za ka haɗa su? Ban haɗa su a mizanin addini ba, a teburin manaja na haɗa su. Manajan Tulsa bai ɗauki hijabi ibada ba, a wurinsa abin ƙi ne. Idan ƙa'idar ita ce mai ɗaukar aiki ya kori duk wanda yake gani a kan ɓata, to, a inda kake 'yan tsiraru kai ne ɓataccen. Kuma ko a nan, wa ya taɓa bincikar makanikensa ko yana shan giya kafin ya ba shi mota? Shekara nawa matafiya suka yi suna sayen shinkafa da soyayyar kaza a hannun 'yan daudu a tashoshin mota, abin da ake tambaya kawai shi ne ko miyar ta yi daɗi? Kasuwa ta daɗe da sanin abin da wasu ofisoshi suka kasa koya: ciniki daban, hisabi daban, kuma mai hisabin ba manaja ba ne.

Abin da ya rage wa mai son a yarda da shi

Ba abu ne mai wuyar fahimta ba, tsadarsa ce take korar mutane. Kamfanin da ya taɓa korar wani a kan wannan ya faɗa da bakinsa, ya nemo mutumin, ya biya. Ya rubuta dalilan da za su iya sa a sallami ma'aikaci, kuma kowannensu ya shafi aiki. Ya riƙa duba littafin albashi da na ƙarin girma don ya ga su wa ake bari a baya. Ya buɗe ƙofar kai ƙara wadda ba ta bi ta teburin wanda ake ƙara ba. Ya hukunta mai cin zarafi ko da shi ne ya fi kowa kawo riba. Kada ya tilasta wa kowa ya bayyana sirrinsa, kada kuma ya tilasta wa kowa ya ɗaga tutar wani. Sannan ranar da aka taso shi a gaba, ya tsaya.

Ana iya tsayawa. Kamfanin Cracker Barrel da ya kori Summerville, masu hannun jarinsa ne, da asusun fanshon ma'aikatan birnin New York a kan gaba, suka yi ta matsa masa shekara da shekaru har ya rubuta hana wariyar a ƙa'idojinsa a 2002. A Janairun 2025, lokacin da kowa yake gudu, shugabannin kantunan Costco suka ce ba za su taɓa tsarinsu ba, sama da kashi 98 cikin ɗari na ƙuri'un masu hannun jari suka mara musu baya. Ma'aikaci ba ya karanta sanarwar manema labarai don ya san matsayinsa. Yana kallon abin da ya sami na kusa da shi ne.

A 2010 aka sa wa wani yanki na titi a Washington sunan Frank Kameny. A 2012, bayan mutuwarsa, aka raɗa wa wani ƙaramin dutse da ke yawo a sararin samaniya sunansa. Karramawa ce mai kyau, kuma ba ta ci wa kowa ko kwabo ba. Abin da mutumin ya roƙa a 1957 bai kai wannan girma ba: a bar shi ya koma teburinsa ranar Litinin, a auna shi da aikin da ya yi. Duk mai riƙe da abincin wani a hannunsa, a Detroit yake ko a Kano, wannan ne kaɗai ake binsa, kuma gara ya biya tun mai bashin yana da rai.